Madrasar Si Allal

Litinin, 3 ga Maris

Ruwa tun asuba, duk garinmu Wazzan ya jiƙe. Da hantsi Yaya Zuhur ta hawo benena tana haki, tana yi wa wanda ya gina matakalar addu'ar da ba ta rubutuwa. Ko jallabiya ba ta cire ba ta ce ɗanta Idris zai kai ta Umra. Na yi guɗa, ni da ban iya guɗa ba, ta ce in rufa wa unguwa asiri.

Sai a kofin shayi na biyu ta fito da abin da ya kawo ta. Ranar goma ga Afrilu za ta je ofishin gunduma ta sa hannu a takardun tafiya, kuma ba ta son dangwala yatsa.

"Shekara sittin da takwas ina dangwale kamar wadda aka kama da kayan sata. Ba zan je Ɗakin Allah da shuɗin yatsa ba. Sunana kawai za ki koya mini, Ustaza, ban ce ki mai da ni alƙali ba."

Shekara talatin da shida na yi ina koyar da 'ya'yan mutane har na yi ritaya, amma yayata uwa ɗaya uba ɗaya ba ta san alif ba. Ba ta taɓa roƙona ba. Ni ma ban taɓa yi mata tayi ba. Wannan ban san yadda zan rubuta shi ba, bari in bar shi haka.

Na ce akwai ajin manyan mata da ake yi da yamma a madrasar ƙasan gari, wato makarantar gwamnati. Ta kalle ni ta saman kofi ta ce na manta ne ko gwada ta nake yi. Ban manta ba. Shekarar da aka buɗe wa 'yan mata madrasa, Baba ya rubuta mu mu biyu, tana da shekara goma sha ɗaya ni bakwai. Ana gobe za a fara, ta tsaya a gabansa ta rantse da Allah ƙafarta ba za ta taɓa ƙetare ƙofar madrasa ba. Ni dai na bar shi a taurin kai. Har ranar walimar ritayata a bakin ƙofa ta tsaya, aka miƙo mata kek a takarda.

To, a gidana za mu yi. Mako biyar, harafi huɗu. Na koya wa masu kan dutse abin da ya fi haka.

Laraba, 5 ga Maris

Bai yiwu ba. Ta riƙe fensir kamar za ta yanka albasa, ta huda takarda sau uku. Na ji muryata ta aji ta fito da kanta, wadda nake yi wa 'yan aji biyu. Ta ajiye fensirin a hankali, ta ce, "Kanza, ni na wanke miki kashi," ta sauka.

Na sha shayin ni kaɗai. Ya yi sukari da yawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je ba da haƙuri, surukarta ta ce tana gidan tanderu. Rabona da shiga wurin Si Allal, mai gasa wa unguwa burodi, har na manta, ni burodin kanti nake saye tun rasuwar maigidana, kuma ko da yana raye ba a yabon hannuna.

Wurin yana nan yadda na san shi. Si Allal a cikin raminsa a bakin wuta, da dogon ceburinsa na katako, katakan burodin gidaje jere a kan kanta, kowanne lulluɓe da ƙyalle. Tsofaffin unguwa kuma sun cika bencin jikin bango, wai jiran burodi suke yi, alhali ɗumi suka zo ji da gulma. Kowane gida da shaidarsa a kan ƙullin. Ta Yaya ramin yatsa uku ne, irin ta Innarmu. Ta Lalla Tamu, ɗaya daga cikin 'yan bencin, tsagar wuƙa biyu. Ta Rakiya, ita ma 'yar bencin, cakar cokali mai yatsu. Si Allal bai san ko harafi ɗaya ba, amma gida sittin yake yi wa gashi, ya zuba su wuta a haɗe, ya fito da su ya mayar wa kowa nasa a katakonsa, shekara arba'in bai taɓa kuskure ba. Shi ya faɗa mini, sau biyu.

Na zauna kusa da Yaya. Can ta jawo katakonta da babu komai a kai sai ɓarɓashin fulawa, ta share shi da tafin hannu, ta ja layi da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Alif. Miƙaƙƙe sak, ya fi nawa.

Ta ce, "Hannuna fulawa ya sani, ba itace ba."

Na kusa kuka a gaban Lalla Tamu, Allah ya kiyaye.

Litinin, 10 ga Maris

Kullum ƙarfe tara, daga shigar burodi zuwa fitowarsa. Yaya ta iya harafin zai, na farkon sunanta. Ta ce ya yi kama da ƙugiyar rataye nama da ƙuda ya tsaya a samanta. Ba haka ake koyarwa ba, amma ya zauna.

Lalla Tamu ta fara leƙe. Wai ita ba koyo take yi ba, wuyanta ne ke ciwo ta wancan ɓarin.

Laraba, 12 ga Maris

Su biyar yau. Rakiya ta zo da fulawa a ƙulle a gefen mayafi, don kada a ce ta ci ta wani. Si Allal yana ta gunaguni daga rami, wai an tare masa hanya, wai a da mata tsoron Allah suke yi. Lalla Tamu ta ce masa, "Kai dai juya burodinka, tsohon gauta, na jiya ka ƙona masa gindi." Tun suna yara suke haka.

Asabar, 15 ga Maris

Su tara. Na sayo alli, ba wadda ta taɓa shi.

Na lura in na daka tsawa dariya suke yi. A aji ido kawai nake ɗagawa yara arba'in su yi tsit. Nan kuwa Rakiya ta dafa ni ta ce, "Sannu Ustaza, sha ruwa." Abin mamaki ban ji haushi ba.

Talata, 18 ga Maris

Na biyo ta gaban gidan shayi, Alhaji Bushta mijin Lalla Tamu ya ɗaga murya don abokansa su ji, ya ce yaya madrasa, an tashi yara? Na tsaya na gyara masa. Ba zan iya wuce kuskure ba, ko a bango na gan shi.

Na ce masa madrasa ba kalmar wasa ba ce. Wurin darasi ne, e, amma ba duk inda aka yi darasi ba. A garin nan in an ce madrasa, ana nufin gini mai tuta da ƙararrawa da rajista, da sufeto mai zuwa ba sanarwa. Inda yara ke haddar Alƙur'ani da allo masid muke cewa, ba wanda ya taɓa haɗa su. Tsofaffin madrasun birnin Fas kuwa, inda ɗalibai daga ƙauyuka ke kwana suna bin manyan malamai, sarakuna ne suka gina su. Shekara talatin da shida na ba kalmar nan, ba zan bari a liƙa ta a ramin toka ba.

Ya ce, "Na tuba, Ustaza, kada ki sa ni tsallen kwaɗo." Suka kwashe da dariya. Na tafi ina jin na yi nasara, sai a gida na fara shakka.

Alhamis, 20 ga Maris

Su goma sha ɗaya. Mun yi harafin wau, duk sun so shi, wai kamar ludayi. Yaya ta samu uku ke nan: zai, wau, ra. Saura ha ta tsakiya mai ciki biyu, ita ce mai wuyar, na bar ta ƙarshe.

Da za a tashi, bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa shekara talatin da shida. Na ce kowacce ta je gida ta rubuta wau sau goma, gobe zan duba.

Juma'a, 21 ga Maris

Inna lillahi. Bari in rubuta shi tun ina dariya.

Ban tambayi kaina a kan me za su rubuta ba. Ba mai littafi a cikinsu. Kowacce ta tashi da asuba ta kwaɓa ƙullinta na Juma'a, ta baje shi, ta zo wurin sa shaida, sai ta tuna aikin Ustaza. Gida goma sha ɗaya, burodi ya fi hamsin, kowanne da wau ɗaya ƙato a tsakiya. Ba ramin yatsa, ba tsagar wuƙa, ba komai. Si Allal kuwa yana sauri saboda masallaci, hannunsa ya riga idonsa, ya zuba su wuta gaba ɗaya.

Da na iso na same shi tsaye a rami, cebur a hannu, tulin burodi a gabansa, yana ɗaga wannan ya ajiye ya ɗaga wancan. Ya dube ni ya ce, "Ustaza, wannan ludayin na gidan wa ne?"

Sai matan suka hau tantancewa da hanci da harshe. Wannan akwai anisun mai ƙamshi, na Rakiya ne. Wannan ya sha sha'ir, na gidan masu rowa ne, in ji Lalla Tamu, mai shi kuwa tana tsaye a bayanta. Wannan gishiri kamar teku. Wannan bai tashi ba, ba wadda ta yarda nata ne, har yanzu yana can maraya a kan kanta. Asirin da aka rufe shekara da shekaru a ƙarƙashin ƙyalle duk ya tonu kafin azahar. Yaya ce kaɗai ba ta ɗanɗana ba. Ta bi su da tafin hannu tana ƙwanƙwasa gindinsu, ta zare nata biyar, ta ce ta san muryarsu.

Duk da haka an yi musaya. Da la'asar labari ya zo cewa Alhaji Bushta ya ci burodi ya ce rabonsa da jin hannun Tamu ya yi daɗi haka tun suna amarci. Na Rakiya ne.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Laifina ne, na sani.

Asabar, 22 ga Maris

Si Allal ya kore mu. Ya ce shekara arba'in ba a taɓa jin kansa ba sai da karatu ya shigo masa. Wadda ta kawo burodi ta ajiye ta fita.

Lahadi, 23 ga Maris

Lalla Tamu ba ta magana da mijinta. Rakiya tana tafiya kamar an naɗa ta sarauta.

Litinin, 24 ga Maris

Ashe korar kwana biyu ce. Labarin wau ya zagaye gari, 'yan gidan shayi sun sa wa Si Allal suna Shugaban Madrasa, in ya wuce su miƙe tsaye su sara masa. Na ɗauka zai fusata. Yau na gan shi da sabuwar hula. Ya aiko a ce mu dawo, da sharaɗi ɗaya: tsohuwar shaida a tsakiya, harafi a gefe, wadda ta saɓa ta ci gawayi.

Muka koma da murna. Amma wani ɗan iska ya rubuta da gawayi a saman ƙofar, da manyan baƙaƙe: Madrasar Si Allal. Rubutun ma ba kyau. Rakiya ta tambaye ni me aka rubuta, ni kuma da bakina na karanta mata da ƙarfi, ina tsaki.

Yaya tana bayana da katako a ka. Ta tsaya. Ta miƙa wa Rakiya katakon ta ce ta shigar mata da shi, ta juya.

Laraba, 26 ga Maris

Ba ta zo ba jiya, ba ta zo ba yau. Surukarta ke kawo burodin. Na sa an goge gawayin, amma kowa a unguwa haka yake kiran wurin yanzu, har mai sayar da na'ana'a ya ce mini yana nan bayan madrasa.

Saura kwana goma sha biyar, kuma babu ha. Ba Zuhur ba ne in babu ha. Raina ya ɓaci ƙwarai, darasin yau ma ban san me na koyar ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Na tari liman bayan azahar. Ya ce rantsuwar yarinyar da ba ta balaga ba ba ta hawa kanta, ko madrasar gaske ta shiga babu komai. Na ji sanyi. Na ɗauko babban ƙamus ɗina ma, na sa takarda a shafin. Gobe zan je mata da hujja biyu.

Juma'a, 28 ga Maris

Na same ta a tsakar gida tana murza kuskus. Na buɗe ƙamus na karanta mata, na ƙara da nawa: babu tuta, babu ƙararrawa, babu rajista, babu sufeto, saboda haka gidan tanderu ba madrasa ba ne, bakin 'yan shayi ba ya canza wannan.

Ba ta ɗago ba. Ta tambaye ni ko ana koyon harafi a wurin. Na ce ana yi. Akwai malama mai tsawa? Akwai. An ba da aikin gida? An bayar. Ta ce to ita ba ta yi karatu ba, amma ta san abin da ta shiga.

Sai na fito da ta biyun, na faɗa mata abin da liman ya ce. A nan ne hannunta ya tsaya a cikin akushi. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Shekara hamsin da bakwai ina riƙe da ita, yau za ki zo ki ce mini ba komai ba ce?"

Na ce ai taurin kai ne na yarinta, kowa ya yi. Ta ce in zauna. Na zauna a kan turmi kamar 'yar aji ɗaya.

Ta ce shekarar nan Inna tana kwance, ba ta iya ɗaga hannu, kuma dole wata ta kwaɓa burodi da asuba ta kai tanderu ta ɗauko, ta dafa, ta kula da ƙannenmu. Baba ya rasa yadda zai yi, sai ya yanke cewa za mu riƙa karɓa-karɓa, yau ita a madrasa ni a gida, gobe ni. Ta ce ta kwana tana lissafi, ta ga in aka yi haka mu biyu za mu tashi da rabin karatu, rabin kuwa ba ya kai kowa ko'ina. Ta san Baba ba zai iya zaɓa ba, don yana jin kunyarta. Shi ne ta rantse, don ya daina kallonta.

"Ke kin fi ni surutu, na san za ki yi malanta. Kuma burodinki ko akuya ba za ta ci ba."

Ta ci gaba da murza kuskus. Ni ban san wannan ba. Wallahi ban sani ba. Ko kuwa ban so in sani ba, tunda tambaya ɗaya ce da na yi tuntuni. Na baro ƙamus ɗin a can.

Asabar, 29 ga Maris

Ban fita ba.

Lahadi, 30 ga Maris

Na aika mata da man zaitun na gonar surukaina, mai kyaun. Ta aiko da burodi biyu. Ba saƙo.

Litinin, 31 ga Maris

Yau kam!

Muna zaune muna fama da harafin sin, ina koyarwa rabin hankalina a waje, sai ƙofar ta yi duhu. Yaya ce, da farar jallabiyarta ta Idi, da kwalli, katako a ka. Ta tsaya a bakin ƙofa har kowa ya juyo. Ta tambayi Si Allal, da ƙarfi, wai nan ne madrasar? Ya dube ni. Ni na dubi ƙasa. Ya gyara hularsa ya ce nan ne, Lalla Zuhur.

Ta ce, "To ku shaida." Ta yi bismilla ta shigo da ƙafar dama.

Lalla Tamu ta saki guɗa har toka ta tashi. Yaya ta zauna a wurinta ta ce ta karya rantsuwarta da saninta da ganinta, kuma ranar Juma'a za ta yi kaffara, ta ciyar da miskinai goma. Na buɗe baki zan ce liman ya ce ba sai ta yi ba, ta ɗaga mini yatsa ɗaya. Ta ce rantsuwarta ce, ita ta san nauyinta, ba za a sallame ta kyauta ba. Sannan ta share fulawa ta ce in kawo mai ciki biyun nan ta gan ta.

Ban yi gardamar tuta da ƙararrawa ba. Ba wai na yarda ba ne, lokaci ne babu.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ha ta ƙi. Takan fito kamar ƙullin da aka taka. Yaya ta zage ta, ta zagi wanda ya sa mata suna, Allah ya jiƙan Baba.

Na kama Si Allal yana zana wani abu da yatsa a kan ceburinsa. Da ya ga ina kallo ya hure.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Kaffara. Ta ce ni zan kwaɓa burodin, tunda ni na jawo. Na isa gidanta bayan sallar asuba, ta tsaya a kaina kamar sufeto. Ruwan ya yi yawa. Yanzu ya yi kaɗan. Da gindin hannu ake dannawa, ba da 'yan yatsu ba, ba wasiƙa kike rubutawa ba. Ta buge mini hannu sau biyu, tana jin daɗinta ƙarara. Kafaɗuna har yanzu ciwo suke.

Ni na ɗauki katakon zuwa tanderu, a ka, shekarata sittin da huɗu, ta gaban gidan shayi. Alhaji Bushta ya buɗe baki, ya tuna halin da yake ciki a gida, ya rufe.

Bayan sallar Juma'a aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan tanderu. Kuskus da naman rago da kabewa, akushi uku, da burodina a gefe. An kira mutum goma, sha bakwai suka zo, ba wanda aka kora. Da yamma ta sake ciyar da su, wai kada a ce ta yi rabi. Wani tsoho makaho ya tambaya sadakar mece ce, mutuwa ko haihuwa. Yaya ta ce masa, "An sa yarinya a madrasa ne, Baba." Ya yi addu'a Allah ya buɗa mata ƙwaƙwalwa ya sa ta fi iyayenta. Duk muka ce amin, Lalla Tamu tana share hawaye da dariya.

Burodin nawa an ci. Ba a yaba ba, amma an ci.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ha ta fito. Rakiya ce ta ce wa Yaya ta yi kamar tana ɗaure bakin zani sau biyu, shi ke nan. Hanyar da aka koya mini a kwalejin malamai ba ta yi ba, ta Rakiya ta yi. Na rubuta ta a bayan littafin nan.

Yanzu sai komawa biro. Na naɗe masa ƙyalle ya yi kauri, ta ce ya fi.

Laraba, 9 ga Afrilu

Sau talatin a takarda, ba huda ko ɗaya. Ita lafiyarta lau. Ni ce na kasa cin abinci.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mun isa ofishin tun ba a buɗe ba. Da layi ya zo kanta, ma'aikacin ko ɗagowa bai yi ba, ya ga shekarunta a kati ya turo mata tawadar dangwale. Ta tura masa abarsa da bayan hannu, ta zaro bironta mai ƙyalle daga ƙirji.

Ta daɗe. Mutanen baya suka fara motsi, na juya na yi musu kallon aji, suka nutsu. Ina jin numfashinta. Zai, da ɗigonsa. Ha, cikin farko, cikin na biyu. Wau. Ra. Ya fi ƙarfin akwatin da aka tanada, ya haura har kan tambarin, don ita girman burodi ta saba. Ma'aikacin ya duba ya karanta, Zuhur, ya buga hatimi ya ce na gaba. Shi ke nan. Bai san abin da ya karanta ba.

A waje ta ɗaga babban yatsanta tana juya shi a rana, fari tas. Ta ce mutumin ya karanta ba tare da an gaya masa ba, na ji? Na ce na ji. Ta sake tambaya a bakin kasuwa, na sake cewa na ji.

Na nufi hanyar gida, ta ja hannuna zuwa gangare. Ta ce tunda ta riga ta biya, ba za ta yi asarar kuskus ɗinta ba, in kai ta ta ga tawa madrasar. Can na yi karatu, can kuma na dawo na koyar. Maigadin ya san ni, yara sun tafi cin abinci, ya buɗe mana. A bakin ƙofa ta ɗan tsaya, sannan ta wuce ni.

Ta shafa allo ta shinshina hannunta. Ta ce wurin ya fi ƙanƙanta da yadda take zato, kuma akwai sanyi, gara na Si Allal. Na kai ta ajinmu na farko, na ƙarshen baranda. Ta matsa jikinta cikin ɗan benci da ƙyar, gwiwoyinta a sama, tana dariya. Na ce bari in nuna mata inda nake zama.

Ta ce, "Na sani. Layi na biyu, jikin taga." Ta nuna da haɓa. "In na dawo daga tanderu ta bayan katangar nan nake bi. In na yi ɗage ina hango tsakar kanki. Kullum kitsonki a karkace, ni kuwa na yi shi daidai da safe."

Hanyar tanderu ba ta nan take ba. Zagaye ne mai nisa, da hawa, da katako a ka.

Na ce, Yaya, ki yafe mini. Ta ce in taimaka mata ta fita daga bencin nan tukuna kafin a kira masu zarto. Da ƙyar na zaro ta, muka kusa faɗuwa mu biyu, maigadi ya leƙo ya ga tsofaffi biyu rungume da juna suna haki, ya koma.

Jirginsu sai ƙarshen wata. Ta ce kafin nan in riƙa zuwa koyon kwaɓa burodi da asuba, hannuna bai nuna ba tukuna, kuma ba ta yarda surukarta ta riƙe shaidar Inna ita kaɗai ba. Zan je, don burodin kanti ya lalace kwanan nan. Bayan nan akwai madrasa ƙarfe tara, Lalla Tamu na son ta fara nata sunan.